Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin asali ta duniya, ISSCR

Malamai, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni ba likita bane kuma ban taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwaje ba, ina dai cikin ɗimbin mutanen da suke bibiyar labarin aikinku saboda akwai masu ciwo da muke ƙauna, musamman masu sikila. Abinda ya sa na zauna rubuto muku shine wannan: tun ƙarshen 2023 duniya ta samu sabon magani na gaske da aka yi da ƙwayoyin asali, wato sitem sel, ƙwayoyin jiki da suke haifar da sauran ƙwayoyi, wanda yake iya raba mai sikila da azabar ciwonsa, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. A daidai wannan lokacin kuma dubban ƙananan asibitoci a faɗin duniya suna sayar wa marasa lafiya allurar ƙarya da sunan wannan ilimin naku. Ni a ganina waɗannan abubuwa biyun abu ɗaya ne, tsadar na gaske ita take ciyar da kasuwar na bogi, kuma ina so ku ɗauki maganar a matsayin babbar maganar ɗa'ar bincike, daidai da yadda kuke ɗaukar maganar ɗan tayi da dokar hana renonsa a ɗakin gwaji fiye da kwana 14.

Kafin na shiga ƙorafi bari na faɗi gaskiya, kun yi aiki. Tun daga Till da McCulloch da suka nuna a Toronto a 1961 cewa a cikin ɓargon ɓera akwai ƙwayoyin da suke haifar da sauran ƙwayoyin jini, zuwa Donnall Thomas da ya dage akan dashen ɓargo lokacin da marasa lafiyarsa suke ta mutuwa har aka zo aka ba shi Nobel a 1990, zuwa James Thomson da ya ware ƙwayoyin asali daga ɗan tayin mutum a Wisconsin a 1998. Sai kuma Shinya Yamanaka a Kyoto, wanda a 2006 ya ɗauki ƙwayar fatar ɓera ya zuba mata abubuwa huɗu kacal ta koma kaman sabuwa, tana iya zama kusan kowace irin ƙwaya a jiki, shekara ɗaya bayan nan aka yi da ta mutum. Wallahi duk wanda ya fahimci abinda wannan yake nufi sai tsigar jikinsa ta tashi. Kuma mun ga amfanin a jikin mutane, mun ga yaron nan ɗan gudun hijirar Siriya da aka kwantar a Jamus fatarsa tana saluɓewa saboda ciwon gado, ƙungiyar Michele De Luca ta gyara ƙwayoyin fatarsa aka shuka masa sabuwa a kusan kashi 80 na jikinsa ya tashi ya koma makaranta. Mun ga Timothy Ray Brown a Berlin da aka masa dashen ɓargo a 2007 saboda sankarar jini ya rabu da cutar HIV gaba ɗaya. Ba wanda zai raina wannan.

To yanzu mu zo kan sikila, dan nan ne zuciyata take.

Maganin da nake magana akai sunansa Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka yi shi, Ingila ta fara amincewa da shi a Nuwamban 2023 Amurka ta biyo baya a Disamba. Ku kun san yadda yake aiki amma zan faɗa saboda sauran masu karatu. Kowane jariri ana haifarsa da wani irin jini na cikin ciki, wanda baya lanƙwashewa ya zama kaman lauje, shi yasa jariri mai sikila yake lafiya lau a watannin farko, daga baya sai jiki ya kashe wannan jinin ya kunna na manya, daga nan ciwo ya fara. Akwai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita take kashe shi. Sai a zuƙo ƙwayoyin asalin jinin mara lafiyan da kansa, a kai su ɗakin gwaji a yi amfani da CRISPR, wata fasahar yanka da gyara ƙwayoyin gado, a taɓa wajen da yake kunna BCL11A ɗin, sai a dawo masa da su, jikinsa ya koma yin jinin jarirai. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwon nan mai tsanani ya tashi ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila yana jin ihunsa ana neman jijiya ana rasawa ya san me shekara guda ba ciwo take nufi.

Amma fa ba allura ɗaya bace a tashi a tafi gida. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum kemo mai ƙarfi, busulfan, ya share tsohon ɓargon, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, baki ya yi gyambo, gashi ya zube, a kwanta makonni a ɗaki na musamman da ƙwayar cuta bata shiga, ga ƙarin jini akai-akai, kuma akwai babban haɗarin mutum ya rasa haihuwa har abada. Kenan ko da an ce yau kyauta ne, sai ƙasa tana da asibitin dashe, da bankin jini mai kyau, da wuta da bata ɗaukewa, da ma'aikatan da suka ƙware. Yanzu ku haɗa wannan da inda masu ciwon suke. Ƙiyasin da aka yi na 2021 ya nuna jarirai sama da 500,000 ake haifa da sikila a shekara a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara, sai Indiya da take biye, kuma da yawa cikin yaran nan basa kai shekara biyar saboda ba a ma gano suna da ciwon ba balle a basu penisilin. Dan Allah ku gaya min, a cikin waɗannan wa zai biya dala miliyan 2.2? Ɗaya maganin ma da aka amince da shi rana ɗaya da Casgevy a Amurka, Lyfgenia, nasa kuɗin miliyan 3.1 ne.

Na san amsar da za a bani, cewa ku masu bincike ne ba ku kuke yanka farashi ba, kamfani ne, kuma kamfani ya kashe kuɗi sosai dole ya mayar. Ban musa ba. Amma ilimin da aka gina maganin a kai daga ina ya fito? Aikin gano rawar BCL11A a jami'o'i da asibitocin koyarwa aka yi shi, irin su ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston a 2008, CRISPR kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da shi a 2012 suna ma'aikatan jami'a, babban kaso na kuɗin irin wannan bincike na gwamnati ne da gidauniyoyi, wato kuɗin jama'a. Mutanen jihar Kalifoniya kaɗai sun kaɗa ƙuri'a a 2004 suka ware dala biliyan 3 dan binciken ƙwayoyin asali, a 2020 suka ƙara biliyan 5.5. Mambobinku ne suke sa hannu a takardun haƙƙin mallaka, mambobinku ne suke kafa kamfanonin ko suke zama a kwamitocinsu na shawara, jami'o'inku ne suke sayar da lasisi. A lokacin sayar da lasisin nan ake iya rubuta sharaɗi cewa ƙasashe marasa ƙarfi za su samu da rangwame, ko a bar wani ya ƙera musu. Idan ba a rubuta a wannan lokacin ba to shikenan an makara.

Kuma an taɓa yi ai. A shekarar 2000 maganin HIV na mutum ɗaya yana cin sama da dala 10,000 a shekara, manyan mutane suna cewa ba zai yiwu a kai shi Afirka ba, sai ga kamfanin Cipla na Indiya a 2001 ya ce zai bayar akan dala 350, aka yi sanarwar Doha da ta tabbatar wa ƙasashe damar fifita lafiyar jama'a akan haƙƙin mallakar magani a wannan shekarar, daga baya aka kafa asusun haɗa lasisin magunguna a 2010, yau miliyoyin mutane suna raye saboda haka. Na yarda ƙwayar da za a haɗiya daban take da maganin da ake ƙera wa kowane mutum nasa daga jininsa, amma Indiya ta sake nunawa a 2023 da ta amince da nata maganin sankarar jini na ƙwayoyin garkuwa, NexCAR19, akan kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin irinsa a Amurka. Akwai kuma alƙawarin da hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates suka yi a 2019 na zuba dala miliyan 100 kowannensu dan neman hanyar gyara ƙwayoyin a cikin jiki kai tsaye da allura, ba kemo ba dashe. Wannan ita ce hanyar da za ta iya isa ga talaka, ina so na ga kun sa ta a gaba a tarukanku, kun tura matasan masu bincike wajenta, kun fito fili kun ce maganin da bai isa ga masu ciwon ba aikinsa bai ƙare ba. Kafin nan kuma ku ari bakinku ga abinda yake hannu yanzu, gwajin jarirai tun haihuwa da maganin hydroxyurea, wanda gwajin REACH a Angola da Kongo da Kenya da Uganda ya nuna yana rage ciwo da mutuwa a yara. Bakinku yana da nauyi a wajen gwamnatoci fiye da namu.

Yanzu ga ɗaya fuskar. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Uwa ta ji a labarai cewa sitem sel ya warkar da sikila, ya warkar da HIV, ta tambayi kuɗin aka faɗa mata abinda ko a mafarki bata taɓa riƙewa ba, sai ta buɗe waya ta ga talla a Facebook ko TikTok, wani mai farar riga yana cewa shi zai yi akan dala dubu kaɗan, kuma wai allurar tasa tana maganin suga da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa da otizim da rashin haihuwa har da tsufa. Me kuke tsammani za ta yi? Za ta sayar da abinda ta mallaka ta tafi. Akwai ma masu sayar da garin sha da ƙwayoyin haɗiya suna cewa sitem sel ne a ciki, alhali ƙwaya mai rai ba za ta rayu a cikin leda akan kanta ba balle ta tsallake ruwan ciki ta je ta gyara ƙoda.

Kar a ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. Wani mai bincike, Leigh Turner, ya ƙirga irin waɗannan asibitoci a Amurka ya samu 570 a 2016, da ya sake ƙirgawa a 2021 sun haura 2,700. A Florida a 2015 wasu tsofaffin mata uku masu ciwon ido suka biya dala 5,000 kowacce aka zuƙi kitsen jikinsu aka tace aka yi musu allurarsa a idanu biyu duka a rana ɗaya, suka rasa ganinsu, mujallar New England Journal of Medicine ta buga labarin a 2017. Wani bawan Allah da ya samu shanyewar jiki ya zaga Mexico da China da Ajantina ana masa allura a laka, ƙarshe wani ƙari ya fito masa a ƙashin baya, da aka duba sai aka ga ƙwayoyin ƙarin ma ba na jikinsa bane. A Italiya an yi rikicin Stamina a 2013 har majalisa ta ware kuɗin gwada maganin wani mutum da ba likita ba saboda matsin lambar iyayen yara marasa lafiya. Allah sarki iyayen nan, ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Na san kuna da littafin wayar da kan marasa lafiya kuma kun sha fitar da gargaɗi, Google ma ya hana tallan irin wannan magani a 2019. Amma gargaɗin naku yana zaune a shafin intanet cikin yaren masana, shi kuma ɗan damfara yana cikin wayar mutane da yarensu, da bidiyo, da wata mata tana kuka tana cewa ta warke. Ku fito da jerin cututtukan da aka tabbatar ƙwayoyin asali suna magani, gajere ne ai, cututtukan jini da na garkuwar jiki ta hanyar dashen ɓargo ko jinin igiyar cibiya, fatar wanda ya ƙone, wani nau'in lalacewar gaban ido, sai 'yan kaɗan. Ku sa shi a bakin mutane da Hausa da Swahili da Hindi da Larabci da Sifaniyanci, a rediyo da gajerun bidiyo, ku haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin masu ciwon da kansu. Ku faɗa a sarari cewa gwaji na gaske ba ya karɓar makudan kuɗi a hannun mara lafiya, kuma ganin sunan asibiti a rajistar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka ba shaida bace cewa an tantance shi.

Sannan ku ma ku rage zuzutawa. Duk lokacin da aka warkar da ɓera sai jami'a ta fitar da sanarwa kaman gobe za a fara rabawa a asibiti, wannan sanarwar ita ɗan damfara yake ɗauka ya manna a shafinsa. Gwajin ciwon suga na Vertex da aka buga a 2025 abin murna ne, mutum 10 cikin 12 sun daina allurar insulin bayan shekara, amma dole a faɗa tare da cewa suna shan maganin danne garkuwar jiki. Gwaje-gwajen ciwon karkarwa na Parkinson da aka yi a Kyoto da Amurka mutane ƙalilan ne, abinda suka fi nunawa shine babu babbar illa. Japan ta fara aiki da wata doka a 2014 da take bari a sayar da irin wannan magani da sharaɗi kafin a gama tabbatar da amfaninsa, aka amince da HeartSheet na ciwon zuciya a 2015 ana ta biya, sai a 2024 aka ƙi ba shi cikakkiyar amincewa saboda bai nuna yana aiki ba. Wasu ƙasashen suna kallon wannan tsari suna sha'awar kwaikwaya, ya kamata su ji ra'ayinku da babbar murya. Kuma cikin gidanku ma an yi abin kunya, Hwang Woo-suk a Koriya ta Kudu da ya ƙirƙiri sakamako a 2004 da 2005 har da karɓar ƙwan haihuwa daga matan da suke aiki a ƙarƙashinsa, da Paolo Macchiarini da ya dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka shafa wa ƙwayoyin asali a Sweden, na farkonsu ɗalibi ne ɗan Eritrea a 2011, yawancinsu suka mutu, likitocin da suka tona asirin kuma suka sha wahala shekaru kafin kotu ta ɗaure shi a 2023. Ku kare masu tona asiri, su ne suke riƙe muku mutunci.

Maganar ɗan tayi kuma ban ce ba ta da muhimmanci ba, tana da shi sosai. Dokar kwana 14 da ta fito daga rahoton kwamitin Warnock na gwamnatin Ingila na 1984 ta shiga dokar Ingila a 1990 ta daɗe tana riƙe da amanar jama'a, a 2021 kuka cire ta daga jerin abubuwan da kuka haramta kwata-kwata kuka ce kowace ƙasa ta tattauna da mutanenta tukuna. A 2023 kuma aka ƙera abu mai kama da ɗan tayi daga ƙwayoyin asali zalla ba maniyyi ba ƙwai. To su waye mutanen da za a tattauna da su? Duniya bata da baki ɗaya akan wannan. Cocin Katolika tana ganin ɗan tayi mutum ne tun ranar farko, Jamus ta hana ƙirƙirar irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙasarta amma ta bari a shigo da tsofaffi daga waje, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 2003 ta halatta amfani da na mabiyiya da igiyar cibiya da ragowar 'yan tayin da aka haɗa a kwalba idan iyaye sun yarda, ta haramta zubar da ciki da gangan dan wannan, Iran ta fitar da nata layin ƙwayoyin a cibiyar Royan tun 2003, Jordan ta yi doka ta musamman a 2014. Malaman nan sun yi shekaru ɗaruruwa suna nazarin matakan halitta a cikin mahaifa da lokacin busa rai, suna da abin faɗa mai nauyi, kuma mabiyansu biliyoyi ne. Ku zaunar da su tun ana rubuta ƙa'ida, da su da malaman sauran addinai da iyaye da masu ciwon. Abinda He Jiankui ya yi a China a 2018 na gyara ƙwayoyin gadon jarirai a ɓoye ya nuna yadda mutum ɗaya zai iya zubar da yardar da aka daɗe ana tarawa, kuma ƙa'idar da mutane basu sa baki a cikinta ba basa tsaya mata ranar da aka taka ta.

Abu na ƙarshe da yake damuna shine su waye a cikin firjin naku. Yawancin layukan ƙwayoyin, wato ƙwayoyin da ake renowa a ajiye a ɗakin gwaji, da ake bincike da su daga jikin Turawa aka samo su, alhali Afirka ta fi ko'ina bambancin ƙwayoyin gado a duniya, kenan maganin da aka gwada akan waɗancan ba lallai ya yi daidai da kowa ba. Haka rajistar masu bada ɓargo, a Amurka farar fata yana da damar kusan kashi 79 ya samu wanda ya dace da shi, baƙar fata kashi 29 kawai. Gyaran wannan yana buƙatar mutanenmu su bada jini da ƙwayoyinsu, kuma za su bayar idan sun yarda da ku, amma labarin Henrietta Lacks, wata baƙar fata Ba'amurkiya da aka ɗebi ƙwayoyinta a 1951 ba da saninta ba aka yi ta arziki da su iyalanta suna fama yana nan a kunnen mutane. Dan haka duk wanda za a karɓi nasa a masa bayani da yarensa, ya san ina za a kai su da me za a yi da su, a horar da masu binciken ƙasarsa a bar musu kayan aiki da bayanan, kuma a rubuta tun farko cewa idan magani ya fito daga ciki al'ummarsa za ta same shi akan kuɗin da za ta iya. Ina roƙon ku sa wannan sharaɗin ƙarara a ƙa'idojinku na gaba, mujallunku kuma su riƙa tambayar duk mai kawo takarda ko ya cika shi kafin a buga.

Nagode da karantawa, ina jiran jin amsarku.